Hannun Da Aka Farfasa Wa Illo Mai Fenti

A gyara tsayuwa, a kawar da awaki daga hanya! Ga Illo ɗan Uwani, sarkin masu fentin Madarumfa da kewaye, wanda duk kamiyon dakon kaya da ke bin hanyar Ɗan Issa da aikinsa a gindinta. Ga mai zana zaki ya fito sak kyanwa mai ciki, direba ya biya yana godiya. Yatsunsa goma ne kamar na kowa, amma shida kaɗai ke jin magana. Sauran huɗun su ne labarin.

A kakar 1951 Illo yana ajin ƙarshe a lakwal, makarantar boko ta Maradi, ƙato har gemu ya soma tsiro. Lissafi ya ƙi shiga, Faransanci ya ƙi, amma ka ba shi alli ya zana maka mushe, wato malaminsu, da fatattakan kunnuwansa, har ka ji kamar allon zai daka tsawa. Bulalar da ya sha a kan haka ta isa a kora garken shanu zuwa Katsina.

Ana nan sai wani mai sayen gyaɗa, Ɗan Azumi, ya zo wurin mushe. Ya kafa sikeli a kasuwar Madarumfa, wani kuma ya kafa nasa a tsallaken hanya yana janye masa manoma, shi ne yake son ɗan lakwal ya yi masa allon talla. Mushe ya nuna Illo da bulala ya ce, "Ga aikinka na hutu. Kanka dai babu komai, hannunka na dama ne kawai abincinka. Ka je ka gwada shi."

Manoma ba su karanta boko, dole sai hoto. Hoton me? Illo ya ɗauki kayensa, littafin rubutu na lakwal, da guntun fensir ya shiga duniya neman abin da zai kwaikwaya. Ya tsuguna gaban wata mai zanen ƙwarya yana kwafar adonta, ta ɗauka sana'arta zai sace, ta rotsa masa ludayi a ka. Ya je bayan gidan wani Bature a Maradi tsintar gwangwanin kifi da kwalin sukari don hotunan jikinsu, kare ya tafi da rabin wandonsa da ɗan abin da ke cikin wandon. Sai a Ɗan Issa ya dace. A jikin wata motar Katsina ya ga tallar magani, mutum biyu, ɗaya ramamme ɗaya ɓulɓul. Ya ce shi ke nan: mai ƙiba ya sayar wa Ɗan Azumi, ramamme ya tafi tsallake.

Ya zana su a kan katako ya kai wa goggonsa Inde ta gani. Ta duba ta sake dubawa, ta ce, "Waɗanga ɗiyan wa ne? Fuska sumul kamar bayan ƙwarya. Ba su da uba ne da ba a yi musu aska ba?"

Illo ya ga gaskiyarta. Wa zai yarda da mutumin da ba a san gidansu ba? Ranar kasuwa ya bi jama'a yana zana kumatu, na Katsinawa, na Gobirawa, na waɗanda bai san ko su wa ba ne. Wani mahauci ya zabga masa mari don ya ƙura wa matarsa ido, ya zana da kunne yana ƙara. Ya cika shafi goma sha biyu da tsaga iri-iri, bai rubuta sunan kowa a ƙasa ba.

Mai ƙiba ya ba shi askar Ɗan Azumi. Ramamme kuwa ya zaɓar masa wadda ta fi kyau a kayen, tsaga biyar daga gefen baki zuwa kunne da wata 'yar gajera a karan hanci. Ya fitar masa da haƙarƙari ɗaya-ɗaya, ya sa masa yagaggen warki, ya riƙa masa akushi wayam.

Askar ta gidan Abarshi ce, Anna masu bin gargajiya, mahalba, daga wajen garin Sarkin Yamma. Abin da gidan nan ke tinƙaho da shi guda ne: shekarar fara, da mutane ke tonon gidan tururuwa neman tsaba, rumbunansu ne suka ciyar da ƙauye uku. Su ne aka rataye a tsakiyar kasuwa da akushin bara.

Kasuwa ta kewayo, rana ta take, Illo yana tsaye gindin allon da gwangwanin jan fenti yana ƙara wa hular mai ƙiba kyau. Sai ya ji kasuwa ta yi tsit ta bayansa. Ya waiwaya, ya ga fuskar da ya zana har guda shida, ko wace da gora, kuma babu ramamme a cikinsu.

Lawali, mai ɗora wa Ɗan Azumi buhu, ya tare su yana cewa, "Sannunku da zuwa, a bi layi." Gora ta sauka a bakinsa, haƙora biyu suka faɗa cikin gyaɗa. Sauran 'yan dako suka zaro itacen rumfa, aka kaure. Wani ya sha sanda a ƙeya ya kife kan sikeli, jini na bin ƙarfen yana ɗiga. Wani mahalbi aka fasa masa goshi, ya shafa ya duba, ya yi dariya, ya cira mai dukan ya maka shi kan tukwanen wata tsohuwa. Ɗan Azumi ya tattare babbar riga ya shige ƙarƙashin buhuna. Aka sa gatari aka tsaga allon, mai ƙiba gefe, ramamme gefe.

Illo ya zura da gudu wajen tabki. Ko taki ashirin bai yi ba aka sa masa gora a ƙafa, ya ci ƙasa da baki. Suka ja shi ta ƙafa a kan tsakuwa har gaban Abarshi.

Tsohon bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki ɓarin allon ya kara kusa da kumatunsa.

"Yaro, wanga wane ne?"

"Baba, ba kowa ba ne. Hoto ne."

"Ba kowa ba? Da askar ubana? Yaushe ka gan mu da akushi a ƙofar wani?"

"Wallahi kyau ta yi mini, shi ya sa."

"To, ta yi maka kyau. Ba za mu kashe ka ba, ɗan Uwani. Hannun da ya yi aikin za mu ɗauka."

Aka kifa turmi. Gwamna, babban ɗan Abarshi, ya ɗauko dutsen sikeli, ƙarfe mai nauyin ɗan akuya. Illo ya ji hannunsa na dama ya yi sanyi tun daga kafaɗa. In ya tafi, babu fenti, babu fartanya, ko tuwo sai an ba shi a baki.

Gwamna ya ce, "Kai, da wane ka zana?"

Abarshi ya ce, "Kada ka tambaye shi, ƙarya zai yi. Dabba da sawu ake gane ta. Ku duba mai fenti."

Suka buɗe hannuwan. Na dama fes, sai ɗan ɗigo a farce. Na hagu kuwa ja da baƙi har wuyan hannu, don da shi Illo ke riƙe gwangwani, da yatsunsa yake dama fenti, a tafinsa yake goge buroshi. Mahalba ba su taɓa ganin mai fenti yana aiki ba. Suka shimfiɗa na hagun a gindin turmi.

Sau biyu Gwamna ya saki ƙarfen. Ƙarar ta yi kamar an taka busasshen kara. Illo ya kurma ihun da aka ji a bakin tabki, ya yi fitsari a wando, ya cusa na daman a hammata ya danne kamar ya sato shi. Da suka juya za su tafi, Abarshi ya tsaya ya ce a kai yaron wurin maɗori, kada hannun ya ruɓe.

Yatsu huɗu suka warke a ƙage kamar ƙafar kaza. Illo bai koma lakwal ba. Shekara bakwai ke nan yana zana zaki da doki da kifi a jikin motoci da ƙofofin kantuna. Mutum kuwa, ko nawa za ka ba shi, sai dai ya zana maka ƙeyarsa.

Ran nan na same shi gindin wata kamiyo, na ce, "Illo gwanin gwanaye! Kai ne ka yi wa mahalba shida wayo da rana tsaka. Na rubuta tarihinka, har Yamai sai an karanta."

Bai ko dube ni ba. Ya ce, "Wane wayo? Suma nake shirin yi. Riƙe mini gwangwanin nan, ka ga ba ni da hannun riƙewa."