Baba Makulli da Maƙwabtan Sabar

Tun yana saurayi yake yankan makulli a wani ɗan shago da ke bakin tasha, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Baba Makulli. Sana'ar nan ta ɓata masa zuciya. Ya ga ɗa ya kawo makullin uwarsa a ɓoye, ya ga maigadi ya zo da shatin makulli a jikin sabulu, don haka bai yarda da kowa ba. Ko gaisuwa ka tsawaita masa, sai ka ga yana laluben aljihu. Kwado uku ne a ƙofar ɗakinsa, matarsa ta gaji da mita ta zuba masa ido.

Mutum ɗaya ce ya ɗan saki jiki da ita, wato Auta, 'yarsa da ta karanta kwamfuta. Ita ta haɗa masa manhaja, inda mai buƙata zai turo hoton kwadonsa da kwatancen gida, a je a gyara masa. Ba don shagon kaɗai ta yi ba. Wani kamfani ya kira ta ganawar ɗaukar aiki ranar Litinin, kuma manhajar nan ce kaɗai abin da za ta nuna musu.

Ranar Asabar ta zauna a bencin shagon, cikin garin ƙarfen yankan makulli, tana ɗora fayilolin a kan sabar. Baba na tsaye a kanta. Ya tambayi inda kayan suke tafiya. Ta ce wata babbar kwamfuta ce da mutane da yawa ke amfani da ita, kamar dai gidan haya, kowa da ɗakinsa.

Kash, da ta sani da ba ta ce gidan haya ba. Mutumin da ya yi shekaru a haya ana kwashe masa gawayi! Nan take ya tsare ta da tambaya: su wane ne maƙwabtan, wa ke riƙe da makullin mai gidan? Don ta samu ya sarara mata, ta sa masa kalmar sirrin a waya, ta nuna masa mashiga, ta ce ga makullinsa nan.

Lahadi da hantsi ya ɗora tabarau ya shiga duba ɗakinsa. Hotunan kwado dai ya gane su. Amma ga wasu fayiloli masu suna ba kai ba gindi, wasu ma da ɗigo suka fara, sun maƙale a gefe kamar marasa gaskiya. Shi ke nan, zarginsa ya tabbata: ko kwana biyu ba a yi ba maƙwabta sun fara jibge masa tarkace. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya goge, har kwandon sharar ya zazzage. Bai gaya wa Auta ba, don ita ma ya fara tunanin ko ta san da zancen.

Litinin da yamma Auta ta dawo daga ganawar. Ta ce a gaban masu ganawar ta buɗe shafin, ya fito fari fat, sai saƙon kuskure. Ta yi ta dannawa har suka ce ta je, za su neme ta. Baba ya bugi cinya, ya ce dama ya faɗa, maƙwabtan nan ba mutanen kirki ba ne, Allah ma ya sa jiya ya share ƙazantar da suka zuba.

Auta ta ɗago ta dube shi.

"Baba, waɗanne ka share?"

"Masu ɗigon nan mana."

"Ni na sa su. Su ke riƙe da komai."

Kunya da tausayinta suka rufe shi, ya duba gabas da yamma ya rasa wanda zai zarga. Ita kuwa ko hawaye ba ta yi ba. Ta buɗe kwamfutarta ta sake ɗora fayilolin, shafin ya dawo tsaf kafin rana ta faɗi. Kamfanin dai bai neme ta ba.

Bayan 'yan kwanaki ya gwada shiga, wayar ta ce kalmar sirri ba daidai ba. Ya goge tabarau ya sake, haka nan. Ya same ta a tsakar gida tana wanki, ya ce mata makullin nan fa ya ƙi.

"Na canza kwado, Baba."

Ya tsaya da waya a hannu yana jiran ta ba shi sabon. Ta ci gaba da wankinta.