Inda Mai Tanki Ya Juye Kayansa

Tun yana saurayi yake jan motar yashe masai ta ƙaramar hukuma, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai dai ya ce Mai Tanki. Mutum ne mai tsaftar tsiya. Matarsa kan zolaye shi cewa ya fi cin sabulu a kan abinci. In ya zuƙe ramin gida, sai ya kai kayan wani kwari a bayan gari ya juye, rana ta busar.

Gari ya yi ta girma har gidaje suka kewaye kwarin. Da amai da gudawa ya kwantar da yaran unguwar, iyaye mata suka fito suka datse hanya da tsofaffin tayoyi. Ranar kuwa tankinsa cike yake maƙil. Ya juya kan mota sai ofis.

"Yallaɓai, ina zan kai?"

Shugaban sashen tsafta ya sa hankici a hanci. "Ana zama a kai. Wasu sun ce a ƙona, wasu a shanya a ba manoma taki, wasu a haƙa rami can nesa. Ka ɗan yi haƙuri. Amma don Allah janye motar nan daga bakin taga."

Kwana da kwanaki yana gararamba da kayan. Ya faka a ƙofar gidansa, maƙwabta suka yi masa ca. A tasha ma aka kore shi. Rana na dukan ƙarfen, bakin famfon ya fara ɗiga. Ana haka aka tafka ruwa, sai ga yayarsa a waya tana kuka: masai ya tumbatsa har tsakar gida, mahaifiyarsu tana kan gado ta kasa sauke ƙafa.

"Kai da mota a hannunka, ƙanina!"

Yana da fili a gefen gari, gadon mahaifinsa, inda ya riga ya ɗora harsashin ɗakuna. Can ya nufa da tsakar rana. Ya daɗe riƙe da famfon kafin ya murɗa, ya tsaya yana kallon baƙin ruwa na haɗiye bulo ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ya wuce ya yashe wa tsohuwa raminta.

"Baban yara, har da ɗakin da ka ce nawa ne?" in ji matarsa.

"Sau ɗaya ne kawai, wallahi."

Amma sauran direbobin yashe masai sun bi sawun taya. Da ya koma filin sai ya tarar da motoci a layi. Ya yi ta ihu har muryarsa ta dishe. Wani ya leƙo ta taga ya ce, "Yaya, mu ma namu cike yake. Ina za mu?"

A ofis aka saurare shi da kyau, aka ce kwamiti zai je ya gani, wataƙila ma wurin ya dace. Ya juya ya fita. Da tankinsa ya sake cika, ya shiga layin shi ma.