Kyaftin Mai Aski da Tikitin Zuwa Wata

Kyaftin bai taɓa shiga jirgin sama ba. Ko tsani zai hau ya canza ƙwan fitila, sai an riƙe masa. Amma duk wanda ya zauna a kujerar askinsa sai ya sha labarin kumbo har kunnensa ya yi zafi, shi ya sa sunan ya bi shi.

Tun da ya ji a rediyo cewa kamfanoni masu zaman kansu na rige-rigen kai mutane sararin samaniya, ya samu abin wa'azi.

"Gwamnati ita kaɗai take tuƙa kumbo, ina zai yi araha?" in ji shi, yana danna kan mutum gaba. "A bar 'yan kasuwa su gwabza. Wannan ya rage, wancan ya rage, sai ka ga talaka ma ya leƙa wata ya dawo."

Ba mai musu da wanda ke riƙe da aska. Kuma kaf layin shagonsa ne kaɗai, da madubi mai tsaga da injin da ke cizon ƙeya. Abin da ya yanka, shi ake biya.

Ana nan sai wani ya buɗe shago daidai tsallaken titi: fanka, kujera mai juyawa, aski rabin kuɗi. Kafin mako ya zagayo, bencin Kyaftin sai ƙuda.

Ya sa babbar riga ya tafi wurin shugaban masu aski.

"Ranka ya daɗe, a taka masa birki. Sana'a ai da tsari."

Shugaba ya ce hannunsa bai kai nan ba.

A gida ya kai wa matarsa kuka tana ninke kaya, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Baban yara, ba kai ke cewa a bari su gwabza ba?"

"A sama na ce! Sama da faɗi. Layin nan taku nawa ne?"

Ya yi fushi da abinci, ya ci da la'asar.

Daga baya ya sayi sabon inji, ya canza madubi, ya rage kuɗi yana tsaki. Tsofaffin abokan ciniki suka fara dawowa, wasunsu don sun yi kewar surutun. Wani tela da ake yi wa aski ya tambaye shi ina aka kwana a batun tikitin wata.

"Kuɗin zai sauko," in ji Kyaftin. "Ni dai masu tsohon kumbon nake tausayi. Sunkuyar da kai."