Ledar da na naɗa wa akwatin famfo

Shekarar da muka haƙa rijiyar burtsatse a gidanmu na unguwar Magajiya, aka kafa makunnin famfon a bangon waje, cikin wani farin akwatin roba. Matan unguwa na zuwa ɗibar ruwa hannu a jiƙe, ni kuwa tsorona kada wuta ta ja wata. Da damina ta kama sai na yi masa abin da nake yi wa buhun gawayi, na naɗe shi da leda na ɗaure tam.

Ɗan hayarmu, ɗan kudu mai sayar da kayan wuta, ya gani ya tsaya.

Ya ce, "Mama, cire ledar nan. Kin ga an rubuta IP65? Shidan na ƙura ne, ba ta shiga sam. Biyar ɗin na ruwa ne, ko da tiyo kika fesa masa ba komai."

Na ce, "To in na tsoma shi a baho fa?"

"A'a, wannan sai mai bakwai."

"Ɗana, ruwa ba duk ruwa ba ne?"

Ya yi dariya ya kwance ledar. Cikinta sharkaf da gumi, akwatin kuwa da ya buɗe a bushe yake. Wai ledata ce ke tara masa danshi.

Na bar shi haka ba rufi, amma har yau ban gane bambancin ruwan tiyo da na baho ba. In ana ruwan sama nakan tsaya bakin ƙofa ina kallonsa yana shan duka. In an ɗauke ruwan kuma, ni nake fara kunna famfon kafin in bar kowa ya matso.