Kalmar da ta kusa cin gonar Dogo

Shekarun baya, wata Alhamis bayan la'asar, mu huɗu ne a tsakar gidana a Birnin Damagaram: ni, da ɗana na fari wanda ba na faɗin sunansa, da ƙanwarsa malamar lakwal, wato makarantar boko, da ƙanin marigayi mijina da ya iso daga ƙauyen Dogo tun hantsi. Ita ɗiyar tawa ce ke rubuta muku wannan. Ni ban taɓa shiga aji ba. Faɗa nake yi tana dannawa, kuma na ce sai ta karanta mini duka kafin ta saki, don na san halinta da gyara wa mutum magana.

Ɗan nawa maƙeri ne, irin na yanzu masu haɗa ƙarfe da wuta. Shekara biyu ya yi yana ƙera wani injin ɓare gyaɗa. Da hannu ake juya shi, ya sa masa sarƙar keke da ƴar fanka a ƙasa, yana ɓarewa yana sheƙe ɓawon lokaci guda. Ni kuwa tun ina amarya nake yin mai da ƙuli-ƙuli, da yatsun nan nake ɓara, kuma ban taɓa yarda na zuba ko tiya ɗaya a cikin injin ba. Na ce farfasa mini ƙwaya zai yi.

Wani ma'aikaci ya ga injin, ya ce masa ya nemi birebe, wato takardar shaidar cewa shi ya fara ƙago abin, kada wani ya kwaikwaya. Takardar ba kyauta ake ba da ita ba, ga tafiye-tafiye. Sai yaron ya sa ido a kan gonar ubansa ta Dogo. Baffansu ya samo mai saye, aka yi za a haɗu washegari bayan sallar Juma'a. Gadonsu ne, ba ni da ikon hanawa. Abu ɗaya ya rage. An ce kafin ka nema, sai ka duba inda ake tara irin waɗannan takardu na duniya, ko wani ya riga ka. In babu, gona ta tafi.

Ɗiyata ta ɗora ordinatar, kwamfutar nan tata, a kan tabarma. Ni ina gefe da faifaina ina ɓara, na ja mayafi na rufe rabin fuska, don a lokacin na ɗauka abin nan hoton duk wanda ya kalle shi yake ɗauka. Har yau suna mini dariya a kai.

"Yaya, faɗi kalmomin," in ji ta.

"Sa inji. Sa ɓarewa. Sai gyaɗa, ki sa duk sunayenta. Na Faransanci biyu ne, na Ingilishi biyu. Wannan da wannan da wannan da wannan, kada ki bar ko ɗaya."

Ta danna, ta jira. Ta ɗago kai ta ce, "Babu. Ko takarda ɗaya babu."

Yaron ya miƙe tsaye har ya yi fatali da buta. "Baffa, ka ji ko? Duk duniya!"

"Ikon Allah," in ji baffan. "Ɗan yayana ya riga Nasara." Ya fara laluben waya a aljihu zai kira mai sayen gona.

Ni dai abin bai kwanta mini ba. Duk faɗin duniyar nan a ce babu wanda yatsunsa suka taɓa gajiya da ɓarar gyaɗa sai a gidana? Na ce, "Malam, mayar da wayar nan inda ka ɗauko ta."

"Matar yaya, yaushe kika shiga lakwal ba mu da labari?"

"Shekarar da na koya maka wanke wuya. Zauna."

Ya zauna. Na juya wajen yarinyar na ce ta karanta mini abin da ta ce da shi, da Hausa, ba da yaren hanci ba. Ta ce abin nan ba ya jin zance. Kalmomi kake jera masa, a tsakaninsu kuma uku kaɗai yake ganewa: DA, KO, sai BAN DA. Ta karanta: inji DA ɓarewa DA sunan gyaɗa na farko DA na biyu DA na uku DA na huɗu.

"In kin ce masa DA, me yake yi?"

"Sai ya kawo takardar da duk suka fito a cikinta tare, Inna."

Na ajiye faifan. Akwai wata mutuniyar Maraɗi da ta daɗe tana sarin mai a wurina. Ni in ce gyaɗa, ita ta ce gujiya, ban taɓa jin nawa sunan a bakinta ba, ita ma ba ta taɓa jin nata a nawa ba. Na ce, "In na aike ki kasuwa na ce nemo mini mai tallar da ke kiran gyaɗa da gujiya da sauran sunayen duka a baki ɗaya, ai wuni za ki yi ki dawo ki ce ba a sayar da ita a Damagaram. Kowa da sunan garinsu yake kiranta."

Ta dafe baki. Can ta ce, "Inna lillahi." Ta goge, ta killace sunayen huɗu tsakanin wasu ƴan baka biyu kamar an ɗaure bakin buhu, ta sa KO a tsakaninsu, ta danna. Sai ga takardu. Tana ja suna zuwa, tana ja suna zuwa.

Yaron ya durƙusa yana leƙawa. Muryarsa ta sauya. "Waɗannan ai manya ne, na masana'anta, masu aiki da kuran, wutar lantarki. Nawa na hannu ne."

Na ce, "To ba kin ce akwai BAN DA ba? Ce masa ban da mai kuran."

Ta ce wannan kalmar sai da hankali, takan zubar har da abin da ake nema, kamar mai sheƙa da ƙarfi. Na ce ta sa mu gani. Suka ragu ƙwarai. Ta shiga buɗe zanen kowanne, ni ma ban san lokacin da na saki mayafin na matso ba. A wani zane na ga hannun juyawa, na ga sarƙa, na ga fanka a ƙasa. Na riga su ganewa, don shekara biyu yana kawo abin zaurena ina kallonsa. Ta duba ta ce daga wata ƙasa ce mai nisa, kuma an yi takardar tun kafin a yaye ɗan nawa.

Yaron ya miƙe. Ya sa takalmi ya fita, tuwon ma bai dawo ya ci ba. Baffan ya kira mai saye ya ba shi haƙuri. Ɗiyata ta fara hawaye, wai saura kaɗan da hannunta ta sa a sayar da gonar ubanta. Na ce ba hannunta ba ne, bakinmu ne. Mu in za mu jera sunaye da "da" muke haɗa su, yadda yayanta ya faɗa haka ta rubuta.

Tun daga ranar, in aka ce mini "babu", a asibiti ne ko a biron ma'aikata, sai na tambaya yaya aka tambaya. Jikokina sun gaji da ni a kan haka. Gonar tana nan, bana ma gero da gyaɗa aka yi a ciki. Amma in na tuna ranar ba daɗi kawai nake ji ba. Na ga bayansa lokacin da yake fita, na kuma san bai taɓa ganin takardar mutanen can ba, da kansa ya ƙago nasa, da tsohuwar sarƙar keke. Shekara biyu ban ce masa sannu ba. Mu haka aka tashe mu da ɗan fari, ba a kiran suna, ba a yabo a gaban ido.

Washegarin ranar nan da na idar da asuba, na auna gyaɗa tiya biyar a kwarya, na ɗora a ka, na tafi wurin aikinsa a ƙafa. Na tarar da shi zaune a bakin ƙofa, ya lulluɓe injin da buhu. Ya miƙe zai karɓe ni na ce ya matsa. Na yaye buhun, na zuba, na kama hannun na juya. Ɓawo ya yi gefe, ƙwaya ta zubo cikin kwarya. Na sa hannu na tona a hankali, yana tsaye yana kallona. Waɗanda suka fashe ba su cika tafin hannu ba.

Na ɗauki kwaryata na ce, "Sarƙar nan tana son mai. Jibi zan zo da matan unguwa, ka gyara ta kafin nan."