Sai Ya Buɗe Baki

Kwano biyu na ruwa na zuba a jikina, sai na ga hannuna yana rawa. Ba rawar sanyi ba. Sabulu ya suɓuce, na sunkuya in ɗauka, cikina ya murɗa kamar ana matse wanki. Na yi amai, ruwa ne kawai mai ɗaci, domin ranar ina azumin ramuwa, rana ta biyu, kuma barci ya hana ni sahur.

Bayi ɗaya ne a gidanmu na haya a unguwar Asawase, ɗaki tara ke shigarsa. Sakatar ƙofar wata ƙusa ce lanƙwasassa. Ina zaune a siminti ina kallonta, ba ta fi kamu ɗaya da kaina ba, amma hannuna ya ƙi tashi.

Matar ɗakin da ke kusa da namu ta buga kwanon ƙofar. "Ke 'yan mata, hayar bayin kika kama ne? Mu ma da jiki fa!"

Na buɗe baki in ce a taimake ni. Harshena ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Gumi yana zuba, bango yana matsowa. Daga nan ban sani ba.

Na farfaɗo a kan tabarma a tsakar gida, an ɗaura min zane, an ɓalle ƙofar. Wannan wajen ne har yau ba na son tunawa. Ina jin kowa, ina gane muryar kowa, amma ko yatsa na kasa motsawa. Wata ta ce aljanu ne, na shiga bayi ban yi addu'a ba. Wata ta rage murya ta ce a dai tambaye ni yaushe rabona da ganin wata.

"Ki iya bakinki," in ji Mma, mahaifiyata. "'Yata azumi take yi."

Aka kawo ruwan sikari, wata ta ce ai za a karya mata azumi, Mma ta ce a karya. Haƙorana suka ƙi rabuwa, ruwan ya bi wuyana. Ina ihu a ciki, su kuwa suna ganin mai barci.

A pragiya, keken haya mai ƙafa uku, aka kai ni asibiti, kaina a cinyar Mma, muka maƙale a cunkoson bakin kasuwa tana roƙon direbobin motocin haya na trotro da Hausa da Twi, yaren Asante. Wata nas ta soki yatsana, ta duba ɗan injin awon jini, ta ƙwala wa likita kira. Aka ɗaura min ruwa. Kafin a jima harshena ya dawo.

Likitan ɗan ƙabilar Asante ne, nas ɗin kuwa 'yar Zango ce, ita ke juya min abin da ban kama ba. Sikarin jinina ne ya faɗi ƙasa warwas. Ina da ciwon sikari? Na sha maganin wani? Ina da gyambon ciki? Akwai ɗan itacen da ke sa ni ƙaiƙayi ko kumburi? Duk a'a. Ya ce azumi kaɗai da wuya ya kayar da mai shekaruna haka. Me na ci jiya?

Na faɗa masa. A unguwar Tafo nake koyon ɗinki tun da na gama sakandare. Mai gidan da shagonmu yake wata tsohuwa ce Asante, Maame muke ce mata, a kasuwa ta koyi Hausarta. Jiya ta miƙo min ruwa na ce ina azumi. Da zan tashi sai ta ba ni wasu jajayen 'ya'yan itace daga bishiyar bayan gidanta, ankye take kiransu. Ban taɓa ci ba. Da magariba na sa wuƙa na fasa su, na ciro farin naman da ke jikin baƙin ƙwallon. Kamar gyaɗa mai mai. Na cinye na guda biyar.

"Kin fasa da wuƙa?" nas ta tsayar da biro. "Ba ta ce miki komai ba?"

"Ta ce. Ta ce, sai ya buɗe baki, ka ci."

Sai da na ji maganar daga bakina na gane. Maame ba ta raba ya da ta, kowa ka ne a wurinta, kamar rabin mutanen Zango. Ni na ji ana gaya wa mai azumi ta jira buɗa-baki. Ita kuwa ɗan itacen take nufi. Shi ne zai tsage da kansa, ya buɗe baki, kafin a taɓa shi.

"Ai gwanja kusa ake ce masa da Hausa!" in ji wata tsohuwa a gadon gefena. "Jikata, ɗanyensa kika ci? La ilaha illallahu."

Nas ba ta yi dariya ba. Na so ta yi.

Likita ya ce dafin da ke cikin ɗanyen yana hana jiki fitar da sikarin da ya adana, ga shi na ɗora azumi a kai. Ya ce sikarin zai iya sake faɗuwa, kuma sai sun duba hantata. Ya sake faɗuwar kuwa, bayan la'asar. Ina kallon Mma tana magana, muryarta ta fara nisa, na riƙe ƙarfen gado na ce mata yana dawowa.

Kwana biyu ina ɗaure da robar ruwa. Yatsuna goma duk sun sha suka. Ko bayi ba na shiga sai Mma ta tsaya a ƙofa, a buɗe. In na ji gumi kaɗan a goshi sai in kira nas, ta zo ta duba ta ce zafin gari ne.

Ranar Alhamis, ana kiran azahar a masallacin bayan katanga, likita ya zo da takardu. Ya ce tun jiya da aka cire min robar ruwan, sikarin jinina bai motsa ba, hanta lafiya, dafin ya fita. Na fahimci Turancinsa sarai, amma na juya wajen nas na ce ta faɗa min da Hausa.

Ta dafa ƙafata. "Kin tsira, ƙanwata. Ke nake nufi. Ke."