Daɓen Ɗakin Kawu Falalu

A unguwar Yalwawa ta Dutse, in ka ce Mashkurar Malam Idirisu, sai a ce maka, "Mai kunnen nan?" Tun tana ƙarama, in mata suna daka a gida uku, daga zaune take faɗin wadda taɓaryarta ta yi latti. Ta girma, ta zama malamar Hausa a makarantar 'yan mata, kunnen bai bar ta ba.

Ranar da wata jami'a a kudu ta ɗauke ta digiri na biyu a sashen kiɗa da waƙa, da gudu ta shigo gida takalmi a hannu. Mahaifinta Malam, mai makarantar allo, ya daɗe yana shafa gemu. Da ya ji binciken a kan waƙoƙin daɓe ne, irin waɗanda mata ke yi suna dukan ƙasar sabon ɗaki, sai ya ce, "Mahaifiyata gwanarsu ce. Allah ya ba da sa'a."

Amma farfesar da ke duba aikinta ta kafa sharaɗi: ko ta kawo waƙar daga bakin masu ita kafin ƙarshen hutu, ko ta sake batu.

Mashkura ta ɗauko tsofaffi daga Aujara, garin kakanninta, ta zaunar da su a falo, ga fanka ga lemo, ta kunna rakoda. Gwaggo Luba, yayar Malam, ta ja baiti ɗaya, sauran suka amsa kamar masu mura. A na biyu waƙar ta kakare.

"Gwaggo, kun manta ne?"

"Ke 'yar nan, hannuna a cinya zan tuna? Ba ni madaɓi ki gani."

To ina ɗakin da za a daɓe, gari duk siminti? Sai labari ya zo cewa Kawu Falalu ya gama ginin ɗaki a Aujara, saura ƙasa. Mashkura ta tarar da shi buhunan siminti jingine a bango.

"Kawu, don Allah ara mini ƙasan ɗakinka."

"A zamanin nan? So kike a ce Falalu ya karye?"

"Ai za a ji sunanka har jami'a."

"Da sunan nawa?" Ya gyara hula. "To, a faɗe shi daidai."

Aka zubo tsakuwa, aka jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake yayyafa ruwansa don ƙasa ta kama. Madaɓai kuwa sai da aka tono su daga ƙarƙashin rumbuna, wasu gara ta ci rabi. Da hantsi mata suka durƙusa a jere. Bugun farko ya sauka, na biyu ya bi shi, Gwaggo Luba ta buɗe murya. Baitocin da suka ɓuya a falo suka riƙa fitowa suna ture juna: kirarin magina, zambon raggon miji, har da sabon baiti a kan rowar Falalu, wanda ke waje yana cewa, "A goge wannan!" Maƙwabta suka cika tsakar gida, guɗa ta tashi.

Mashkura ta rataye rakoda a ƙusa. Ta kasa tsayawa kallo, ta ɗaura mayafi a ƙugu ta karɓi madaɓi.

Da yamma, tafin hannunta duk ya yi ƙululu, ta tura wa farfesa sautin ta waya. Ba ta kai Dutse ba kira ya shigo.

"Batunki ya zauna," in ji farfesa. "Amma wace ce ke saɓa wa sauran bugu daga tsakiya?"

Mashkura ta dubi hannunta, dariya ta ƙwace mata a cikin mota.

"Ranki ya daɗe, ɗalibarki ce."